Nonon Da Ɗana Ya Bari

Ranka ya daɗe Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ni matashiya ce, Kirista, matar kukun wani Bature a barikin Sakkwato, zamanin da Turawa ba su daɗe da karɓe ƙasa ba. Ban san garinmu ba, ban san sunan da uwata ta raɗa mini ba. An ɗauke ni ina 'yar ƙarama ƙwarai. Abin da nake iya tunawa kawai shi ne tafiya, da igiya a ƙuguna, da wani faffaɗan kogi inda sojoji suka tare ayarin suka kwance mu. Daga nan aka kai mu gidan da 'yan mishan suke rainon yaran da aka 'yanta. A can na koyi karatu da ɗinki, a can aka yi mini baftisma, a can kuma na haɗu da wanda na aura, shi ma irina ne, bai san kowa nasa ba. Da Baturen da yake wa girki ya sami canjin wurin aiki zuwa Sakkwato, sai muka biyo kayansa a bayan jakuna, ina ɗauke da ƙaramin ciki.

A kwanakin nan da za a tambaye ni mene ne albarka, da yatsa zan nuna. Ga takalmi a ƙafata. Ga keken ɗinki na hannu da aka ba ni ranar aurena. Ga ɗaki mai ƙofar katako a bayan kicin, ga miji mai sanyin hali wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Daga baya kuma ga ɗana namiji, mai kumatu, mai yawan dariya, mutum na farko a duniya da na san jinina ne ke gudana a jikinsa. Babu coci a garin a lokacin. Mu 'yan kaɗan ne, akawuna daga bakin teku da masinjoji da kukuna da matansu, muna taruwa ran Lahadi a barandar wani dattijon akawu mu yi waƙa da addu'a. In aka ce wa ke da shaidar alherin Allah, ni ce ke fara miƙewa. Sai in ɗaga yaron sama in ce ku duba, wadda aka ja da igiya ce yau Allah ya sa wa albarka. In na hangi matan ƙauye suna wucewa da itace a ka, ba takalmi, sai in ji tausayinsu, amma a ƙarƙashin tausayin nan akwai wani abu mai daɗi da ba na son in duba. Na ɗauka ni ce Allah ya tsamo da hannunsa, su kuwa ya wuce su.

Ban taɓa shiga cikin ganuwar birni ba sai in hango ta daga nesa, ja, tana rawa cikin zafin rana kamar abin da ake gani a mafarki. Abin da ya haɗa ni da mutanen ciki wata dillaliya ce, dattijuwa mai yawan surutu, wadda ke yawo gidajen matan kulle da kayan sayarwa. Ita ke kawo mini yadi daga gidaje in ɗinka taguwar yara da ta mata, ta mayar. Takan zauna a bakin ƙofata ta sha ruwa, ta ɗauki ɗana tana masa wasa, tana kiransa mijinta.

Yaron bai kai ga rarrafe ba sanƙarau ya shigo gari da bazara. Kullum sai mu hangi ana fita da gawa ta ƙofofin birni. Ni kuwa hankalina kwance, don na tabbata ciwon ba zai tsallako gidan da aka sa wa albarka ba. Wata safiya na taɓa jikinsa na ji kamar tukunya a kan murhu. Kafin rana ta take, wuyansa ya sandare ya koma baya. Mijina ya ruga ya roƙi Baturensa, aka kira likitan bariki, ya zo ya duba, ya girgiza kai. Na durƙusa na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba, ina tuna wa Allah cewa shi ya ba ni, ni ban roƙa ba. Washegari da hantsi ya cika a cinyata. Ubansa ya kwance akwatin katakon da ake kawo wa Bature kayan gwangwani a ciki, ya haɗa masa ɗan akwatin gawa da hannunsa. Muka rufe shi a bayan bariki ƙarƙashin wata bagaruwa.

Abin da ya biyo baya ba na iya jera shi daidai. Nakan tashi in ga rana ta fito, in sake ɗaga kai in ga ta yi yamma, ban san inda tsakiyar ta tafi ba. Nakan zauna ina kallon kawalwalniya a filin da ke tsakanin bariki da ganuwa, in ga kamar ruwa ne ya malalo, in ga kamar wani ɗan ƙaramin abu yana rarrafowa ta cikinsa. Ga kuma nono. Jikina bai sami labarin mutuwar ba. Yana cika yana zuba, na ɗaure ƙirjina da tsumma tamau har zazzaɓi ya kama ni. Matar dattijon akawun nan ta zo gaisuwa, da kyakkyawar niyya na sani, ta ce in binciki zuciyata, don Allah ba ya janye hannunsa haka kawai. Na bincika. Ban sami abin da ya kai ran yaro ba. Daga nan na daina zuwa sujadar Lahadi, na daina addu'a. Ban ce babu Allah ba, cewa na yi ya san da ni, ya ɗora mini abu a hannu ne don ya ga fuskata sa'ad da zai fizge.

Ana cikin haka dillaliya ta zo, ba kaya a kanta. Ta zauna a bakin ƙofata. Can ta ce akwai wani gidan malamai a Ƙofar Atiku, ciwon nan ya ɗauke matar malamin ta bar jariri. An gwada nonon akuya yana amayarwa. Mace ɗaya mai shayarwa a danginsu ita ma tana kwance, maƙwabta kuwa kowa na tsoron ɗan da ya fito daga jikin mai sanƙarau. Ta ce ta ba kakar yaron labarina, tsohuwar ta ce a tambaye ni. Wallahi har yau in na tuna amsar da na ba ta sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce mata Allah ya ɗauke nawa ya bar nasu, to wanda ya bar shi ya ciyar da shi. Na ce gara nonon ya bushe a jikina. Ta dube ni, ta tashi, ta tafi ba sallama. Mijina yana bakin kicin ya ji komai. Ranar bai ci abinci ba.

Bayan 'yan kwanaki, da tsakar rana, lokacin da ko kadangare ya nemi inuwa, na hangi mutum biyu suna ratso filin nan. Da farko na ɗauka cikin abubuwan da idona ke nuna mini ne, don ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, kamar a kan ruwa suke tafiya. Da suka matso sai na gane dillaliya, tare da wata tsohuwa siririya mai lulluɓi da baƙin zane, ashe kakar jaririn nan ce. Daga baya na ji cewa tsohuwar ta yi shekaru ba ta taka wajen ƙofar gidanta ba, balle barikin Nasara. Ta yi sallama, ta zauna a ƙasa a gabana, ƙafafunta duk sun yi jawur da zafin yashi. Ta buɗe lulluɓin, ga jaririn a ƙirjinta, ta ce, “Ɗiyata, ban taho roƙonki ba. Na kawo shi ki gan shi da idonki, in ya so mu koma.”

Ban taɓa ganin ɗan mutum kamar wannan ba. Fata ce kawai a kan ƙashi, maɗigarsa ta faɗa ciki. Yana buɗe baki yana kuka amma babu sauti, ƙarfin kukan ya ƙare. Na kau da kai. Ina kau da kan nan na ji tsumman ƙirjina ya jiƙe sharkaf, nono yana bin cikina yana sauka. Ban yanke shawara ba, kada in yi wa kaina ƙarya in ce na yi tunani na zaɓi alheri. Hannuna ne kawai ya miƙe. Ya daɗe bai iya kamawa ba, sai da na riƙa ɗiga masa a leɓe. Da ya kama, wani zafi ya ratsa ni tun daga ƙirji har tafin ƙafa, na fashe da kukan da ban yi ba ranar da aka rufe ɗana. Tsohuwar ba ta lallashe ni ba. Ta matso ta kama ƙafata ɗaya tana matsawa a hankali, kamar ni ce na yi doguwar tafiyar.

Da yardar mijina na koma gidan da zama, a ɗakin tsohuwar. Ranar da na shiga, malamin, uban yaron, ya yi mini magana daga zaure, asabari na tsakaninmu. Ya ce ya duba littattafai, addininsu bai hana mace irina ta shayar da ɗan Musulmi ba. Ya roƙe ni in kiyaye bakina daga abin da suke ƙyama muddin yaron na shan jikina, na ce na yarda. Ni kuma na roƙi a bar ni in riƙa fita ran Lahadi da safe, ya ce ba wanda zai tare ni. Sa'an nan ya faɗi abin da ban zata ba. Ya ce in sani, a wurinsu nono yana ƙulla abin da jini ke ƙullawa. Daga yau ni uwar yaron nan ce har abada, mijina ubansa ne, duk ɗan da na haifa nan gaba ɗan'uwansa ne. Ni da ban san ko mutum ɗaya da zan kira nawa ba, na tsaya a tsakar gidan baƙi ana gaya mini na yi dangi.

Zaman gidan nan yakan dawo mini kamar wani dogon barcin rana. Muryoyin masu karatu suna tasowa daga zaure kamar kukan ƙudan zuma, tantabaru na sauka a bakin rijiya, tsohuwa na kaɗa auduga a inuwar ɗaki, mazarinta na juyawa. Damina ta sauka, in na fita ran Lahadi sai in hangi fadama ta yi kore shar da shinkafa har iyakar gani. Yaron ya soma murmurewa, wuyansa ya yi ƙarfi, ko da yake har ya girma bai taɓa yin jiki ba, kuma ban daina tambayar kaina ko kwanakin da na ƙi shi ne suka bar masa wannan ba. Nakan yi masa waƙoƙinmu na sujada a hankali in zai yi barci. Tsohuwa tana ji, ba ta taɓa hana ni ba. In na gama sai ta karɓe shi ta tofa masa tata addu'ar. Na koma zuwa barandar akawu, na koma addu'a.

Sai dai ashe tsohon tunanina bai mutu ba, kaya kawai ya sake. Na fara gaya wa kaina cewa Allah ya biya ni ne, ya karɓi ɗaya ya mayar mini da wani. Da haka na soma ganin yaron nawa ne ni kaɗai, in ubansa ya aiko a kai masa shi zaure sai raina ya ɓaci. Da ya fara tafiya aka soma zancen yaye, tsoro ya kama ni. Wata rana da hantsi gidan ya yi tsit, tsohuwa ta shiga maƙwabta barka, ina yi masa wanka a bakin rijiya. Na ɗebi ruwa a tafin hannuna. Na san kalmomin baftisma tun ina yarinya. Zuciyata ta ce in zuba masa a ka in faɗe su a ɓoye, ba wanda zai sani, ko sun karɓe shi ya riga ya zama nawa a wurin Allah. Na tsaya da ruwan a hannu, rana na wasa a cikinsa. Yaron ya ɗaga kai yana mini dariya da 'yan haƙoransa, ya yarda da ni gaba ɗaya, kamar yadda kakarsa ta yarda, kamar yadda ubansa ya yarda. Sai na ga abin da nake shirin yi ba don Almasihu ba ne. So nake in buga masa tambari irin na dabba don kada a raba ni da shi. Ni da aka sace, ina shirin yin sata da sunan Ubangiji. Na buɗe yatsuna, ruwan ya zube a ƙasa.

Aka yaye shi. Aka yi mini alheri mai yawa, aka rako ni har bariki. Na shiga ɗakina na tarar da shi kamar yadda na bar shi, keken ɗinki ya yi tsatsa. Baƙin ciki ya dawo sabo, na ce wa mijina sau biyu ke nan Allah yana cika mini hannu yana zazzagewa. Yana kankare tukunya a lokacin. Bai ɗago ba ya tambaye ni, sa'ad da aka gicciye Almasihu me ke hannunsa. Bai jira amsata ba. Ya ce babu komai sai ƙusa, amma shi muke kira Mai Albarka, kuma daga hannun nan da ba komai a ciki muka sami duk abin da muke da shi. Ya ce shi bai yi zurfin karatu ba, amma a ganinsa yaron can yana numfashi yau saboda abin da ya bi ta jikina, ko yana ɗakinmu ko ba ya nan.

Ban ce na warke nan take ba. Amma na tuna tun muna yara an koya mana cewa Almasihu ya kira masu makoki masu albarka, ni kuwa a raina na ɗauka kuskure ne na masu koyarwa, don ina albarka a cikin kuka? Sai a lokacin na soma fahimta. Ba cewa aka yi mutuwar ɗana abu ne mai kyau ba, ba zan taɓa faɗin haka ba, kuma ban yarda an kashe nawa don a rayar da na wani ba. Abin da na gane shi ne Allah bai tafi ko'ina ba ranar da aka rufe akwatin nan. Yana nan cikin zazzaɓin, yana nan sa'ad da na ƙi, yana nan a bakin rijiya. Albarka ita ce yana tare da kai bai sake ka ba, har ya iya ɗaukar abin da ya rage a jikinka bayan an gama da kai ya rayar da wani da shi.

Ban sake haihuwa ba. Mijina ya riga ni tafiya, ni kuma na zauna a Sakkwato, don a nan nake da dangi. Yaron ya tashi Musulmi a gidan ubansa, ya yi karatu mai zurfi, ni ma ina nan a kan bangaskiyata, bai taɓa ja da addinina ba, ban taɓa ja da nasa ba. Inna yake ce mini. Da aka naɗa shi alƙali a wata ƙasa mai nisa, ya zo sallama da rawaninsa da mutanensa. Ya bar su a waje, ya cire takalmi, ya shigo ya durƙusa a gabana ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Inna, tahiya ta kama ni. Ki sa man albarka.” Na dubi ɗakina, ba miji, ba ɗa, ba wani abin da za a nuna da yatsa. Na ce masa ya san da sunan wanda nake roƙo. Ya ce ya sani, shi dai bakin uwa ya zo nema. Na ɗora hannuna a kan rawanin, na roƙa masa gaskiya a shari'a da tausayin marar gata.

Shi ya sa nake jan kunnen 'yan'uwana masu bi, musamman matasa da nake ji suna miƙewa a coci suna lissafa abin da suka samu. Ku gode wa Allah a kan kowane alheri, wannan daidai ne. Amma kada ku auna ƙaunarsa da abin da ke hannunku, don ranar da hannun ya zama wayam za ku ce ya ƙi ku, kuma a ranar ne wani zai zo ƙofarku da bukatar da ku kaɗai za ku iya biya. Kada kuma ku je gidan makoki ku ce wa mai kuka ya binciki zunubinsa. Ku zauna kusa da shi kawai. Ni na kusa barin jariri ya mutu saboda ina fushi an karɓe mini abin da na ɗauka shi ne albarka, na kusa cin amanar mutanen da suka mai da ni tasu saboda ina son in riƙe wata albarkar. Duk sau biyun, sai da na buɗe hannu sa'an nan na ga ashe ba a taɓa barina ni kaɗai ba.